Gidan da Ban Taɓa Kwana a Cikinsa Ba

Har yau ban manta da ranar da Malam Haruna, akantan kamfaninmu, ya gaya mini ta waya cewa a wurin hukuma ni mazaunin wani gida ne da ban taɓa kwana a cikinsa ba. A ƙarshen watan Zulƙida ne, shekara biyu da suka wuce, ina tsaye a ƙofar wani masauki a unguwar Masfala a Makka ina jiran motar alhazanmu daga Madina. Na sha ba da labarin nan a gutsuttsure, shi ya sa yau zan ba ku shi a jere, musamman ku da kuka shigo aikin bana.

Ga wanda bai san aikinmu ba, kamfaninmu na kawo masu Umara da alhazai ne daga Najeriya. Babban ofis yana Kaduna, ƙarami kuma yana nan Makka, a Mansur, saman wani shagon sayar da akwatuna. Manaja ne a sama, ƙarƙashinsa akwai jami'in motoci, da jami'in abinci, sai ni Sama'ila, jami'in masauki. Ni ke kama ɗakuna, ni ke raba makullai, ni ake tasa idan lifta ta tsaya ko na'urar sanyi ta fara zubar da ruwa a kan gadon wani. Ina shigowa Makka da zarar an buɗe Umara, ba na komawa gida sai an kwashe alhaji na ƙarshe a Muharram. Idan aka auna, na fi sanin hanyoyin Masfala da Kudai a kan layin da iyalina suke.

Albashina kuwa da naira ake biya, a bankin Najeriya yake sauka, kuma kafin ya sauka an cire haraji. Kamfani ne yake cirewa duk wata ya aika wa hukumar haraji ta jiha. Wace jiha? Ni dai ban taɓa tambaya ba. Na san ana yanka, ina tsaki, na wuce. Abokan aikinmu haifaffun Makka kuwa abin dariya ne a wurinsu, domin a nan ba a cire wa mutum harajin albashi. Direbanmu yakan ce, “Ya Abu Safiyya, wato gwamnatinku ta fara cin abincinka kafin ka wanke hannu?” Abu Safiyya suke ce mini, saboda babbar 'yata.

A watan Nuwamban da ya gabaci wannan Hajjin, mai gidan da muke haya a Tudun Wadar Kaduna ya sayar da gidansa, aka ba mu wa'adi. Ina Makka, Umara ta kankama. Dama na ɗan jima ina gini a Funtuwa, a wata sabuwar unguwa kusa da yayar matata, ina aikawa da kuɗi ita matar tawa, Hajara, tana zuwa tana duba magina. Na ga filin sau ɗaya tun yana ciyawa. Sai muka ce tunda ɗaki biyu sun samu rufi, su tare kawai. A tsakiyar Disamba suka kwashe kaya suka koma. Ni hotuna aka aiko mini, na yi hamdala, na ci gaba da raba wa mutane makullan ɗakunan da ba nawa ba.

Safiyya yarinya ce mai kai, ba don 'yata ba ce. Ta zauna jarrabawar shiga makarantar kimiyya ta 'yan mata ta jihar Katsina, inda Funtuwa take, ta kuma ci. Likita take so ta zama tun tana wasan allura da tsinken tsintsiya. Hajara ta kira ni tana guɗa, ina jin yarinyar a bayanta tana cewa a ba ta wayar. Sai a ƙarshe Hajara ta ce akwai sharaɗi ɗaya. Mu asalinmu Bauchi ne, ba 'yan jihar ba, saboda haka sai an kawo shaidar cewa uban yarinya mazaunin jihar ne kuma a nan yake biyan haraji. Za a rufe karɓar takardu mako guda bayan Babbar Salla. Wadda ba ta kawo ba, a ba wa ta bayanta gurbin.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, shekara nawa ana yankar mini albashi? Nan take na kira Malam Haruna. Mutum ne mai sanyin magana, irin wanda ko gobara ce sai ya gama gaisuwa.

“Yaushe iyalinka suka bar Kaduna?” ya tambaye ni.

Na ce Disamba.

“Kuma ba ka faɗa mini ba.”

Na ce, “Malam Haruna, tarewa ce, ba suna ba. Me ya haɗa akanta da tarewa?”

Sai ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce harajin ma'aikaci ba jihar asalinsa ake kai wa ba, ba kuma lallai jihar da ofis yake ba. Jihar da yake zaune ake kai wa, kuma abin da ake dubawa shi ne inda gidansa yake a ranar ɗaya ga Janairu. Wannan rana ita ke yanke wa shekarar hukunci. Na ce to ai ni ran ɗaya ga Janairu ina Makka, a wani ɗan ɗaki bayan ofis. Ya ce ɗakin aiki ba gida ba ne, kuma tunda kamfani na Najeriya ne, albashi ma can yake sauka, zamana a Makka bai fid da ni ba. Gidana shi ne inda aka tanada don zamana da iyalina, wato Funtuwa. Shi kuma tun Janairu Kaduna yake aika wa, domin a saninsa can nake.

“To a gyara mana,” na ce.

“Za a gyara. Zan biya wa waccan jihar na watannin nan, in bi Kaduna a daidaita daga baya. Amma ba zan taɓa ba sai da shaida a hannuna. In masu bincike suka zo suka ga na ɗauke ka daga jiha ba hujja, kamfani zai biya sau biyu har da tara. Ka samo mini takardar mai unguwa, ya shaida kai ne mai gidan kuma iyalinka suna ciki tun Disamba. Ranar da ta zo, ranar zan fara.”

Na ji haushinsa a lokacin, ba zan ɓoye ba. Amma gaskiyarsa ce.

Washegari Hajara ta sa hijabi ta tafi gidan mai unguwa tare da mijin yayarta. Ya karɓe su da mutunci, ya ce ya san ta, ya san yaranta, ya san gidan. Mijin ne bai sani ba. Ya ce tun da aka shiga halin rashin tsaro ya yi alkawari ba zai sa hannu a kan mutumin da bai gani ba, domin an sha zuwa a zaunar da mace da yara a unguwa a ce maigida yana tafiya, daga baya a gano ko wane ne maigidan. Hajara ta ce to a kira ni ta bidiyo. Ya ce kowa ma yana iya tsayawa a cikin waya. Ko dai in zo da ƙafata, ko wani wanda shi ya yarda da shi ya zauna da ni ido da ido ya shaida.

Na sami manajanmu a ofis na roƙi kwana kaɗan in je in dawo. Bai ko bari na zauna ba. Ya ce, “Sama'ila, ka fi ni sanin watan da muke ciki. In ka fita yanzu wa zai ba ka tasrihin shigowa Makka? Jirgi biyu na tafe, wa zai karɓe su?” Tasrihi shi ne izinin shiga gari a lokacin Hajji, kuma in ka fita da shi a irin wannan lokaci, dawowa sai ikon Allah. Na fito ina huci, amma na san ko ni ne a kujerarsa abin da zan faɗa ke nan.

Kwana biyu ina aiki kamar ba ni ba. Na ba wa wani alhaji makullin ɗakin mata, Allah ya sa matan na harami. Safiyya ta daina karɓar waya idan na kira, ba don fushi ba, uwarta ta ce kuka take ji in ta ji muryata. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, domin yarinya ta yi nata, ni ne na zama cikas.

A rana ta uku jami'in abinci ya kwanta zazzaɓi, aka ce in je madafa in tabbatar da abincin rana. Madafar ta wani ɗan kwangila ce da ke dafa wa kamfanoni da jihohi da dama, shugabar masu girkin kuma ita ce Hala Maryam. Hala a bakin mutanen nan goggo ce ta wajen uwa, kowa haka yake kiranta. A Makka aka haife ta, iyayenta mutanen Damagaram ne da suka biyo ta Chadi da Sudan. Ta haura sittin, ba ta taɓa taka Afirka ba, amma in ta tuƙa tuwo sai ka rantse a Kano kake. Ta dube ni sau ɗaya ta ajiye ludayi.

“Ish fi, ya waladi? Me ya same ka, ɗana? Fuskarka kamar wanda aka ƙwace wa iƙama.”

Iƙama ita ce takardar izinin zama a ƙasar nan. Na ce ba komai. Ta ce in zauna, ta turo mini shayi. Ban san lokacin da na kwashe komai na gaya mata ba. Maganar haraji ba ta shige ta ba ko kaɗan, sai da na maimaita. Amma da na zo kan mai unguwa, sai ta gyaɗa kai.

“Wannan na gane,” ta ce. “Ni a gidan da aka yanke mini cibiya nake, amma kullum sai na sabunta takarda kafin a yarda ina nan. Mushkilar takarda ba a yi mata kuka, mutum ake nema mata. Wane gari ka ce?”

Na ce Funtuwa.

“Tayyib. Akwai garin da ba ya aiko da alhaji? Mutanen Katsina imara huɗu suke bana, duk mu ke kai musu abinci. Ba ni sunan unguwar.”

Ni da nake taƙama na san kowane masauki a Makka, wannan dabarar ba ta zo mini ba. Idona yana kan jirgin da zai kai ni Funtuwa, ban tuna Funtuwa tana sauka a Jidda kowace shekara ba.

Hala Maryam ba ta da ofis, ba ta da kwamfuta, masu kai abinci take da su. Ta gaya wa kowannensu, duk imarar da ya shiga, wato benen masaukin alhazai, ya tambayi wanda ya fito daga unguwa kaza. Ranar farko ba a samu ba. Rana ta biyu aka samo wani mai sayar da taki, ya ce shi ɗan cikin gari ne, amma ya ji an ce akwai wata tsohuwa daga can. Rana ta uku, ina tsakiyar rigima da wani mai otal a kan tawul, ta kira ni.

“Yalla, bar abin da kake yi. Hawa na shida, ɗakin ƙarshe. Sunanta Gwaggo Indo. Kuma ka sa riga mai kyau, an ce tana da baki.”

Bayan la'asar muka je tare, domin ni namiji ba zan hau sashen mata ba. Hala ta hau ta sauko da ita zauren karɓar baƙi. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, da jakar alhazai rataye a wuya, tana tafe tana mitar sanyin na'ura. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ƙare mini kallo tun daga hula har takalmi.

“Kai ne mijin Hajara?”

Na ce ni ne, Gwaggo.

“Ashe kana da rai. Mu dai mun ɗauka ko takaba ta gama ta taho, kunya ta hana mu tambaya. Mi ke ƙofar gidanka?”

Na tuna hotunan, ƙofa ce mai ruwan ƙasa, na faɗa.

“Ba fenti na tambaye ka ba. Icce nika nufi.”

Na ce ban sani ba.

“Darbejiya ce, ɗiyarka ta dasa, awakina sun cinye ta sau biyu. Katangarmu ɗaya da ku. Ranar da rufin kicin ɗinku ya yaye, jikokina suka hau suka danne shi da bulo. Kana ina?”

Na ce ina nan ina gyara wa alhazai ɗakuna.

“To madalla,” ta ce, “ka iya gyaran na mutane.”

Hala Maryam tana gefe tana danne dariya da gyale. Ni kuwa kunya ta rufe ni, ban san an yi iskar da ta yaye mini rufi ba, Hajara ba ta faɗa ba don kada hankalina ya tashi. Gwaggo ta sa na kira Hajara ta bidiyo, suka gaisa, ta tambaye ta awakinta. Ta sa aka kira Safiyya, ta kalli wayar, ta kalle ni, ta sake kallon wayar.

“Goshin dai ɗaya ne, ba wanda zai yi musu,” ta ce. Sannan ta zaro tata wayar daga jaka ta miƙa wa Hala. “Nemo mini Mamman.”

Na tambaya a hankali wane ne Mamman. Ashe mai unguwa ne, ita ƙanwar mahaifinsa ce, shi ya sa duk unguwar ke ce mata Gwaggo. Da ya ɗauka, ina jin muryarsa ta sauko ƙasa yana gaishe ta. Ba ta bari ya gama ba.

“Mamman, ga ni zaune da mijin Hajara a Makka. Na gan shi da idona, shina da aikin yi, mutanen nan sun san shi. Ba ɗan iska ba ne, sakarai ne kawai da bai san ƙofar gidanshi ba. Ka rubuta masu takardar yau, kada yarinyar nan ta rasa makaranta ina ƙasa mai tsarki.”

Ya ce an gama, Gwaggo. Ya nemi a ba ni wayar, ya ce in yi haƙuri, halin da ake ciki ne ya sa. Na ce ni ne da godiya, domin in haka yake tsare unguwar, to iyalina suna hannu mai kyau. Da gaske nake, har cikin raina.

Kashegari takardar ta isa hannun Malam Haruna. Mutumin da nake ce wa mai sanyin jiki ya shiga mota da kansa ya tafi ofishin haraji na can, ya yi mini rajista, ya biya na watannin da suka wuce daga asusun kamfani, ya tsaya har aka karɓa kafin a tafi hutun Salla. Daidaitawa da Kaduna ta ɗauke shi watanni, bai taɓa kira ya yi mini gori ba. Muna Mina, ranar jifa ta biyu, Hajara ta aiko cewa an ce ta zo ta karɓi shaidar da zarar an dawo aiki. Ta karɓa, ta kai makaranta ana saura kwana kaɗan a rufe. Safiyya tana can yanzu, aji biyu.

Na sayi turare da atamfa na kai wa Hala Maryam. Ta karɓi turaren ta mayar mini da atamfar, ta ce in kai wa Gwaggo. Ta ce ita abin da take so shi ne hoton yarinyar cikin kayan makaranta, ta nuna wa masu girki. Na kawo mata da na dawo, yana manne a jikin firjin madafa.

Da na koma gida a Muharram, ɗan acaɓa ne ya nuna mini layinmu. Na yi sallar magariba a masallacin unguwa, aka idar mai unguwa ya kama hannuna ya ɗaga ya ce wa jama'a, “Ga mijin Hajara.” Sunan da ake kirana da shi a can ke nan har yau, kuma ban ga laifinsu ba, ita suka sani.

Abin da nake so ku ɗauka, na farko mai sauƙi ne. Duk wanda iyalinsa suka sauya jiha, ko yana Makka ko yana Madina, ya gaya wa akanta a makon, kada ya jira Janairu ta wuce. Ya kuma tambaya ina harajinsa yake zuwa, domin wata rana za a tambaye shi, kuma ba lallai a kansa abin zai faɗa ba, yana iya faɗawa a kan ɗansa. Na biyu ya fi nauyi. Aikin nan namu yana sa mutum ya ji shi wani ne, kowa na neman lambarsa, kowa na kiransa ya buɗe ƙofa. Ni da nake da makullin ɗaki ɗari a aljihu, sai da mai girki da akanta da wata tsohuwa mai awaki suka haɗu kafin a yarda ina da gida. Ba ɗayansu da na taɓa yi wa wani abin kirki kafin ranar, kuma ina yi musu addu'a da sunayensu duk lokacin da na shiga harami.

Bana na roƙi manaja ya rage mini watannin Umara, ya yarda, albashin ma ya ragu. Zan riƙa zuwa daga Ramadan zuwa Hajji kawai. Wasunku sun ce na yi wauta, wataƙila haka ne. Amma Safiyya tana da ƙanne uku a bayanta, kuma in lokacinsu ya zo, ina so mai unguwa ya sa hannu ba tare da ya tambayi kowa ba.